Kwalabe Uku na Shekarar Ruwa

Nevenka, 'yar'uwa, ki gafarce ni da na ɗora miki karatun nan. Kin taɓa ce mini in daina sako zancen gidanku a gaisuwarmu, na kuwa daina. Waɗannan shafuka na yago su ne daga littafin da nake rubuta wa kaina. Ban gyara komai ba, don haka za ki ga sunanki a ciki kamar ba da ke nake ba. Zumreta.

Litinin, 8 ga Satumba, bayan Azahar

Na kai wa Baba Blago miyar wake. Tun da aka sallamo shi daga asibitin Mostar ni ke kai masa abincin rana. Katanga ɗaya ce tsakaninmu, kuma tun ina rarrafe nake cin ɓauren gidansa. Ya sha cokali uku ya ture kwanon.

Ya ce, "Zumra, zan aike ki, amma ki yi alkawari ba za ki jawo mini aya ba."

Na ce, "Baba, sai na ji aiken."

"Wurin Dinko za ki. Kwalba nake so. Blatina, jar nan, ta shekarar ruwa."

Giyar inabi yake nufi. Na rubuta sunanta sau ɗaya, Allah ya yafe mini. Dinko shi ne ya sayi gonar inabin Baba Blago, ya gina babban gidan matsar inabi a bakin hanyar Stolac.

Na ce ya aiki wani daga cikin mutanen cocinsu. Ya ce kafin a tashi addu'ar Lahadi duk gari ya san shekarar da ya tambaya. Na ce to Hamdo fa, maigidana? Ya ce bakin Hamdo ya fi ƙofar kanti buɗewa.

"Ke kaɗai ce ba ki da surutu. Kuma ke kin san shekarar."

Na san shekarar.

Talata, 9 ga Satumba, bayan Asuba

A makarantar masallaci an lissafa mana mutum goma da aka la'anta game da abin nan: har da mai saye, har da mai ɗauka. A makarantar dai aka karantar da mu haƙƙin maƙwabci. Ban tambayi Liman ba. Na san abin da zai ce, kuma gaskiyarsa.

Laraba, 10 ga Satumba, da hantsi

Na je. Na shiga bas zuwa mararraba, na ƙarasa da ƙafa. Dinko na ganina da ɗankwali a bakin ƙofarsa ya aje abin da ke hannunsa.

"Yaya Zumreta, ke ce a nan? Ko an ce gobe za a tashi duniya?"

Na ce wani mara lafiya ne ya aiko ni, na faɗi abin da aka ce in faɗa. Ya yi dariya har yana riƙe teburi.

"Shekarar ruwa? Ai wannan ko miya ba a so a zuba ta. Duk ƙasar nan ba wanda ya yi abin kirki a shekarar. Ga wannan, ta shekara uku bayanta, shekarar zafi. Gona ɗaya, inabi ɗaya. Ita ta ciyo lambar girma. Mara lafiya ai mai kyau ake kai masa."

Na duba: suna ɗaya, hoton kurangar inabi ɗaya a jikin takardar, lambar shekara ce kawai ta bambanta. Na yi tunani irin nawa na mai girki. In an aike ni man zaitun, na tarar da wanda ya fi sabunta kuma ya fi kyau, ba shi zan ɗauko ba? Na karɓi biyu. Na sa su a ƙasan jaka na rufe da tattasai. Duk hanya suna ƙara da juna, ina jin kamar kowa a bas ɗin ya ji.

Na wanke hannu sau uku, ko da yake kwalba kawai na taɓa.

Laraba, bayan La'asar

Baba Blago ya sa tabarau ya duba lambar. Ya daɗe yana dubawa.

"Me na ce miki?"

"Baba, ya ce wannan ta fi."

"Na ce miki ina son wadda ta fi?"

Duk da haka ya buɗe, ya zuba kaɗan, ya kurɓa, ya juya a baki, ya tofar a tukunyar fure. Ya ce ko ƙusa aka jiƙa a ruwa sai haka. Ya ce shekarar zafi ko jaki aka ba wa almakashi zai yi giya, domin rana ta gama aikin, mutum tarawa kawai ya yi. Ya ce kurangar ɗaya ce, ƙasar ɗaya ce, amma kowace shekara da abin da ya same ta: wata sanyi ya kama ta tana fure, wata ƙanƙara, wata ba abin da ya same ta sam, kuma irin wannan ba ta da labari. A shekara marar kyau ake gane hannun wanda ya yi aiki.

"Ke in kin aika a ɗauko miki ɗanki daga makaranta, aka kawo miki ɗan maƙwabta don ya fi ƙiba, sai ki yi godiya?"

Na ba shi haƙuri. Ya ce ba komai, laifinsa ne da ya aiki malama sayen abin da ba ta sani ba. Ya juya fuska bango. Da faɗa ya ci gaba da yi, da ya fi mini sauƙi.

Na ɗauki zunubi, kuma ban ma kawo abin da aka aike ni ba.

Alhamis, 11 ga Satumba, da hantsi

Bari in rubuta, ko zai daina zaga mini kai.

Shekara goma sha ɗaya ke nan. A gidansu, kamar kowane gida a nan, maigida ne ke sa ranar yankan inabi, shi ke yanke nonon inabi na farko da hannunsa, kafin nan ko tsinke ba a taɓawa. Baba Blago ya sa rana, kwana goma a gaba, sai aka yi masa rasuwar ƙane a Split, ya tafi kwana huɗu. Nevenka, 'yarsa tilo, ta shiga gona da safe ta tauna 'ya'yan inabi nan da can, ta dubi sama ta wajen teku, ta zo ta buga mana ƙofa. Ta ce in an jira kwana goman da ya ce, ba za a samu komai ba. Mu goma sha biyu muka shiga. Kwana uku muka share gonar.

Ya dawo muna wanke kwanduna. Ya tsaya ya dubi kurangu tsirara. Abin da ya faɗa mata a gabanmu ba zan rubuta ba. Ni ce mafi kusa da ita, da almakashi a hannuna, ban ce uffan ba.

Kwana biyu bayan haka ruwa ya sauko, ya yi sati uku. Inabin kowa ya ruɓe a jikin kuranga. Da ruwan bai zo ba, ina jin da sun shirya kafin Kirsimeti. Amma ya zo, kuma duk gari ya san wa ya yi daidai. Ita ta matse, ita ta zuba a ganguna, kafin sanyi ya ƙare ta bar ƙasar, ta tafi Stuttgart. Shi kuma ya sayar wa Dinko gangunan a rufe, ya rantse ba zai sa a bakinsa ba. Bayan shekara biyu ya bi su da gonar.

Juma'a, 12 ga Satumba, bayan an sauko masallaci

Hamdo ya shigo yana murmushin da na sani.

"Malama, an ce an gan ki kina fitowa daga wurin Dinko da jaka mai kuka. Na ce ƙarya ne, matata ko ruwan tsami sai ta tambayi asalinsa."

Na gaya masa. Murmushin ya tafi. Ya zauna ya cire hula.

"Da ni kika aika. Nawa zunubin ya riga ya yi yawa, kwalba biyu ba za su ƙara masa nauyi ba."

Na ce an ce bakinsa ba ya rufuwa. Ya ce tsohon nan bai yi ƙarya ba.

Wa ya gan ni? Bai faɗa ba, ban tambaya ba. Gobe akwai karatun mata. Zan je.

Asabar, 13 ga Satumba, da yamma

Na je. Ba wadda ta ce komai. An dai matsa mini wuri fiye da yadda nake bukata.

Lahadi, 14 ga Satumba, da hantsi

Na koma wurin Dinko lokacin da mutanensu ke coci. Na faɗa masa wanda ya aiko ni. Na san an ba ni amana, na kuma san ba wata hanya. Wannan ma na ɗauka.

Bai yi dariya ba wannan karon. Ya ce, "Me ya sa ba ki faɗa tun farko ba, Yaya?" Ya ce gangunan Nevenka daban ya zuba su a kwalba, bai gauraya da nasa ba, amma sunan shekarar ya riga ya ɓaci, sai masu gidajen abinci na bakin teku suka kwashe a arha. Ya ce zai duba can ƙuryar ɗakin ƙasa. Ya ce kada in sa rai. Inabin da aka yanka da wuri ko dai ya daɗe fiye da kowa, ko ya mutu da wuri, ba a sani sai an buɗe.

Na tambaye shi, shi da ya sha a lokacin, yaya take? Ya sosa ƙeya.

"Ni a lokacin neman kasuwa nake, ban tsaya saurarenta ba."

Talata, 16 ga Satumba, bayan Azahar

Motar nas ta zo da safe, ta daɗe fiye da kullum.

Baba Blago ya ce gahawata yau ɗanɗanon ƙusa take yi, ko na canja tukunya? Ban canja ba. Tukunyar ce tun ta mahaifiyata.

Juma'a, 19 ga Satumba, bayan La'asar

Dinko ya zo da kansa, da kwalabe uku a kwali, duk ƙura. Ya ce mini a bakin ƙofa, "Don kada ki sake ɗauka." Allah ya saka masa, ya shirye shi.

Baba Blago ya dube shi, ya dube ni. Na sunkuyar da kai.

"To, malama ma ta iya kai rahoto."

"Baba, ka yi haƙuri."

"Kai Dinko, zauna, ɓarawon gona. Buɗe mana, hannuna ba ƙarfi."

Dinko ya zare toshiyar a hankali, ta fito lafiya. Ya zuba a tambulan biyu. Baba Blago ya ɗaga nasa wajen taga, ya ce launin ya yi ja irin na bulo, haka ya kamata. Ya kurɓa. Na ƙirga numfashina har bakwai kafin ya haɗiye.

"Ta mutu," ya ce. "Ƙarfe zalla."

Dinko ya kurɓi nasa, ya sake kurɓa. Ya aje tambulan.

"Baba Blago, wallahi lafiyarta ƙalau. Ta fi lafiya ma."

"Kai mai sayarwa ne. Ran nan ka ce wa yarinyar nan ko miya ba a zuba ta."

"Na faɗa. Ban sani ba ne."

"Yanzu kuma ka ga tsoho a kwance ka sani. Tashi ka tafi, inabinka na jira."

Ya tafi. Ni na wanke tambulan. Ban san hukuncin wannan ba.

Litinin, 22 ga Satumba, da safe

An fara yankan inabi a gari. Taraktoci tun fitowar rana, zuma da zanzaro ko'ina. Baba Blago ya ce in rufe masa taga.

Laraba, 24 ga Satumba, bayan Azahar

Yau ya ce in kawo masa ɓaure ɗaya, da zuma a cokali, da gishiri, da ɓarin rumman mai tsami. Ya rufe ido ya ce in riƙa ba shi ɗaya ɗaya, kada in faɗi ko mene ne. Na ba shi zuma. Ya ce gishiri. Na ba shi rumman. Ya ce in sake ba shi. Na sake.

Ya buɗe ido ya ga abin da ke hannuna.

Can ya ce, "Ashe har giyar Dinko na zalunta. Kada ki gaya masa, kansa zai ƙara girma."

Na ce ko magungunan ne, in an daina zai dawo. Ya ce, "Zumra, ke ba ki iya ƙarya ba, kada ki fara a kaina."

Shekara sittin ana kawo masa tambulan daga ƙauyuka ya faɗi gonar da abin ya fito. Shekara goma sha ɗaya yana da harshe ya ƙi ɗanɗana ta Nevenka. Ban faɗa masa haka ba. Ya sani.

Alhamis, 25 ga Satumba, bayan Asuba

Na yi masa addu'a da sunansa. Ban san ko ana yi ba. Na yi.

Lahadi, 28 ga Satumba, bayan La'asar

Baba Blago ya sa Hamdo ya buɗe kwalba ta biyu. Hamdo ya ce in shaida ake nema shi zai iya tuna ƙuruciya na minti ɗaya, Allah mai gafara ne. Baba Blago ya ce, "Kai da ka ƙone harshenka da barasa mai zafi ta kasuwa? Ko fetur aka ba ka cewa za ka yi a ƙaro." Hamdo ya fita yana dariya, amma na ga ya tsaya a tsakar gida yana share ido.

Sai ya tura tambulan gabana.

"Ɗigo ɗaya a kan harshe, Zumra. Ki tofar. Ke kina gane miyar da aka sa wa gishiri kafin ta tafasa da wadda aka sa wa bayan ta tafasa. Ke ba za ki yi mini ƙarya ba."

Na ce, "Baba, ka roƙe ni wani abin."

"Ba ni da wani abin."

Na ce ba zan iya ba. Na faɗa a hankali, sau biyu. Bai yi fushi ba, ya ce ya sani, da na yarda ma da ya raina ni kaɗan. Ban san ko don ya sauƙaƙa mini ya faɗa ba.

Na ce zan iya sunsunawa. Allah ya sani ban tabbata wannan ma ya halatta ba. Na ɗauka, na kai hanci.

"Me kika ji?"

Na ce da farko abin da na saba ƙi. Ya ce in jira, in juya tambulan. Na juya. Na ce kamar ɗakin da mahaifiyata ke shanya 'ya'yan itacen ceri. Na ce akwai ganyen taba busasshe. Na ce akwai wani abu kamar dutsen gona in an yi yayyafi bayan dogon zafi.

Ya rufe ido. "Ɗanye fa? Kin ji ƙamshin ɗanyen ganye, irin na tattasai kore?"

Na sake sunsunawa da gaskiyata. Na ce ban ji ba.

"Ba ki ji ba, ko babu?"

"Ban ji ba, Baba. Iyakar abin da zan iya rantsewa ke nan."

Ya ce hanci rabin shaida ne. Abin da yake son sani a baki yake: ko kwana goman nan sun bar mata tsamin da ba ya kwanciya, ko kuwa tsamin ne ya riƙe ta har yau. Ya ce shi ya koyar da harshe ɗaya tak a duniya, tun tana shekara tara yana ɗiga mata a cokali. Bai faɗi suna ba. Ya ce in ɗauke ta ukun in sa a ƙasan kabad inda ba rana, a kwance.

Na ɗauka. Ban wanke hannu ba sai da na zo alwala.

Talata, 30 ga Satumba, da hantsi

Fadan cocinsu ya zo, ya daɗe. Miyar jiya tana nan yadda na aje ta.

Alhamis, 2 ga Oktoba, bayan Azahar

Yau na yi magana. Na ce, "Baba, ranar nan ina tsaye kusa da ita. Ni ma na yanka. Ka faɗi abin da ka faɗa, ban buɗe baki ba, kuma na san ba daidai ba ne."

Ya ce, "Da kin buɗe da na haɗa da ke."

"Da ya fi."

Ya dubi silin. Ya ce tun a mota, yana dawowa daga Split, ya ga gajimaren, ya san ya yi kuskuren rana, yana ta addu'a ya iso kafin ruwa. Ya iso ya tarar an riga an yi abin da ya kamata, ba tare da shi ba. Ya ce bai san me ya hau kansa ba. Can kuma ya ce a'a, ya sani.

Na ce ina rubuta abubuwan nan a littafi, kuma ina so in aika mata. Na ce ba zan yi a ɓoye ba, na gaji da ɓoye-ɓoye a watan nan.

"Na ce ki kira wani?"

"Ba ka ce ba."

"Littafinki ne. Har da inda na ce ta mutu kika rubuta?"

"Har da shi."

"Hm."

Na tattara kwanuka. Ina bakin ƙofa ya ce, "Zumra." Na juyo.

"Ki ce mata an gyara hanyar Stolac. Ba ramuka yanzu. Ita da ba ta son jijjiga."

Juma'a, 3 ga Oktoba, da safe

Nevenka, wannan shafin da ke nake kai tsaye. Hamdo zai kai wa direban bas ɗin Stuttgart kafin Azahar, gobe war haka yana hannunki.

Ban ce ki yafe ba. Ina wurin, na ji abin da aka faɗa miki, ba ni da bakin da zan ce haka. Nawa laifin ma ban nemi ki yafe ba sai kin ga dama. Abin da na sani kawai zan faɗa miki. Kwalba ɗaya ta rage. Ba zai bari kowa ya buɗe ba. Jiya na tambayi nas ko in fara tanadin abin da zan dafa masa na Kirsimeti, sai ta shiga neman makullin motarta a jaka, alhali yana hannunta.

An gyara hanyar, gaskiya ne, na bi ta sau biyu.

In za ki zo, akwai ɗaki a gidanmu in ba ki son kwana a can. In ba za ki zo ba, ki faɗa mini, ni zan san yadda zan gaya masa, ba zan ƙara ko kalma a kan abin da kika ce ba. Lambata ba ta canja ba. Don Allah ki ba ni amsa da wuri.